Corollar da aka ƙara wa haske, ganin direbanta ya ragu: nazarin wata matsalar fitila a Gombe

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, irin wadda ake shigowa da ita daga Amurka. Mai ita ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, dattijo da ya haura hamsin, kuma hanyar Gombe zuwa Bajoga ta Malam Sidi ita ce hanyar cin abincinsa. Kasuwar ƙauye ba ta tashi da wuri, don haka dawowarsa kusan kullum sai bayan magariba, cikin tirelolin siminti da amalanken shanu da baburan da wutar bayansu ta daɗe da mutuwa. Kokensa gajere ne. Ya sa ƙwan LED mai tsada, in ya kunna a ƙofar gida unguwa kaf sai ta haskaka, amma a kan titi ba ya hangen nesa, kuma duk motar da ta taho sai ta watsa masa ful. A daren da ya sa shi zuwa garejinmu, saura ƙiris ya afka wa amalanke, don bai ga shanun ba sai da ya zo dab da su.

"Injiniya, samo mini wanda ya fi wannan ƙarfi," in ji shi. "Ko nawa ne zan biya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, a bar mini motar har bayan isha'i. In na duba na ga ƙwan ne matsalar, ni da kaina zan je in sayo."

Na zaɓi in rubuta wannan lamari ne saboda duk abin da ya kamata mutum ya duba kafin ya canza ƙwan fitila ya haɗu a wannan mota guda, kuma ƙwan shi ne ya zo a ƙarshe.

Yadda aka kai ga LED

Wannan Corollar tana da ƙwai biyu a kowace fitila, na halojin, wato ƙwan da kamfani ya sa mai zaren wuta a ciki. Na dim lambarsa 9006, wat 55, haskensa kusan lumen 1,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Na ful lambarsa 9005, wat 65, kusan lumen 1,700. Da Alhaji ya fara jin hasken ya yi masa kaɗan, sai aka ba shi shawarar halojin mai wat 100. Ya ji daɗinsa na ɗan lokaci, daga nan fitilar dama ta fara ɗaukewa tana dawowa, har da warin ƙonewar roba in an buɗe bonet.

Lissafin ba wuya. Ƙwan wat 55 yana jan amfiya 4 da ɗan ɗoriya, na wat 100 kuwa yana jan kusan 8. Wayar da soket ɗin da kamfani ya sa an auna su ne da na farko. In wuta ta kusa ninkawa, zafi yana taruwa a inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, roba ta narke, baƙin soket ya saki, ya yi baƙi. Wanda ya duba masa a lokacin ya kankare soket ɗin ya naɗe da tef, ya ce a koma LED tunda shi ba ya jan wuta sosai. Gaskiya ne ba ya ja. Amma ciwon da ke cikin wayar an rufe shi ne kawai, kuma dalilin da ya rage hasken tun farko ba wanda ya neme shi. Wani abin da nake yawan gani a irin wannan mataki, ko da yake ba a yi wa wannan motar ba, shi ne a cire fis a sa wanda ya fi shi girma don ya daina tsinkewa. Fis yana tsinkewa ne don kada waya ta kama wuta. Wanda ya ƙara girmansa ya cire wa motarsa kariya.

Bango

Bayan isha'i muka ajiye motar a fili mai daidai, gabanta yana kallon bango, tazarar mita 7.6, wato ƙafa 25, yadda ake auna fitilun ƙirar Amurka. Muka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa muka sa alama a bangon. Fitilar dim mai lafiya tana nuna iyaka: haske a ƙasa, duhu a sama, kuma saman hasken ya sauka kamar santimita 5 ƙasa da alamar. Abin da muka gani ba shi da iyaka ko kaɗan. Fari ne fat ya bazu a bango har sama da tsayin mutum, ƙasan gaban motar ya yi haske kamar rana, amma a tsakiya, daidai wurin da ya kamata haske ya taru ya tafi nesa, akwai dabbare-dabbaren duhu.

A nan na tsaya na yi wa Alhaji bayani, don shi ne zuciyar maganar. Fitilar wannan motar irin mai madubi ce. Bayan ƙwan akwai kwano mai sheƙi da aka yanka shi gida-gida, kowane gida an lissafa shi ne da siririn zaren wutar da ke cikin ƙwan halojin: tsawonsa, kaurinsa, da wurin da yake zaune daidai da milimita. Zaren yana ba da haske ta kowane ɓangare, kwanon ya tattara ya jefa kan titi. Ƙwan LED kuwa allo ne mai fuska biyu, haske yana fita hagu da dama, sama da ƙasa kusan babu, kuma a masu arha allon yana da kauri, ƙwayoyin hasken ba su zauna inda zaren yake zama ba. Sai kwanon ya riƙa karɓar haske daga wurin da ba a lissafa masa ba, ya jefa shi inda bai kamata ba. Kamar ban ruwa ne a lambunan Dadin Kowa: ƙarfin injin ba ya amfanar shuka in ruwan bai bi kwarin da aka tona masa ba. Ƙari a kan haka, ƙwan 9006 na asali yana da baƙar hula a kansa da ke tare hasken da zai fita kai tsaye zuwa idon mai tahowa. Shi ya sa ma ba na yarda a fere kunnen 9005 a cusa shi a gurbin 9006, don shi ba shi da wannan hular.

Akwai kuma abin da ke ruɗar mai mota, har ya rantse fitilarsa ta fi ta da. In ƙasan gabanka ya yi haske ƙwarai, ƙwayar idonka tana tsukewa, sai nesa ta ƙara yi maka duhu. Kana jin kana cikin haske, alhali abin da zai kashe ka yana can gaba inda ba ka gani. Mota mai gudun kilomita 80 a awa, wanda shi ne iyakar ƙananan motoci a babbar hanya irin wannan, tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Hasken da ya tsaya a mita 20 na gabanka bai ba ka ko daƙiƙa ɗaya ba.

Da muka ciro ƙwan, sai ga wani abu. Ƙwan 9006 yana toshe bayan fitila da zoben roba da ke gindinsa. Zoben wannan LED ɗin bai kama ba, ƙura ta riga ta shiga ta kwanta a kan kwanon. A motocin da ke amfani da ƙwai masu lamba H4 ko H7 abin ya fi muni, don akwai murfi a bayan fitilar, kuma in fankar LED ta hana shi rufuwa sai a yar da shi. Hunturu ɗaya a Gombe ya isa ya lalata fitilar da aka bari a buɗe.

Abin da ya cinye hasken tun farko

Muka sa ƙwan halojin na gwaji don mu ga ainihin lafiyar fitilar, sai hasken ya fito ja, raunanne. Yanzu muka koma kan tambayar da ya kamata a yi tun kafin a sayi ƙwan wat 100.

Na farko a bayyane yake, ko da rana ana gani. Murfin gaban fitilar roba ce mai ƙarfi, ba gilashi ba, an shafe ta da wani siririn fenti mai kare ta daga rana. Shekaru cikin zafin ranarmu da yashin da iska ke watsawa sun cinye fentin, robar ta yi ruwan ɗorawa, ta dushe. A 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilun da suka dushe, ta samu suna fitar da kashi 22 cikin 100 ne kawai na hasken sabuwar fitila. Dushewar ba rage haske kaɗai take yi ba, tana kuma warwatsa shi, don haka duk ƙwai mai ƙarfi da aka sa a bayanta ƙara kashe idon jama'a yake yi. Muka goge da sanfefa da ruwa, daga mai lamba 800 zuwa 1500 zuwa 3000, muka bi da man gogewa, sannan muka fesa fenti mai tsabta mai kare rana. Wannan fesawar ta ƙarshe ita ce ake yawan tsallakewa, kuma in ba a yi ta ba dushewar tana dawowa cikin 'yan watanni. Man goge baki na ɗan lokaci ne. Man birki da wasu ke shafawa don fitila ta yi ƙyalli kuwa cin roba yake yi, yana cin fentin mota ma.

Na biyu sai da mitar auna wuta. Injin yana aiki, fitila a kunne, batir ya nuna bolt 14.1, wato altaneta lafiyarta ƙalau. A bakin ƙwan dama kuwa 12.5 muka samu. Mutum zai ce ai bambancin kaɗan ne. A halojin ba kaɗan ba ne, don haskensa yana faɗuwa da sauri fiye da wutar: in bolt ya ragu da kashi 10 cikin 100, haske yana raguwa da kusan kashi 30. Wato wannan ƙwan ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na haskensa a kan hanya kafin wuta ta iso shi. Wani ɓangare ya ɓace a ƙonannen soket, wani a wayar at, wato wadda ke mayar da wuta ta jikin bodi, da ta yi tsatsa. LED ɗin ya ɓoye wannan ne saboda yana da ɗan akwatinsa mai daidaita wuta. Muka yanke soket biyun muka sa sababbi masu jure zafi, muka haɗa da dalma maimakon murɗawa da tef, muka kankare wurin at ɗin har ƙarfe ya fito fes. Mita ta koma 13.6. A tsofaffin motocin da wayarsu ta gaji gaba ɗaya nakan ja sabuwar waya mai kauri daga batir ta rile, wato makunnin da wuta ke kunna shi, da fis nata, amma a nan ba a buƙaci hakan ba. Sai dai a lura da ɗaya gefen: wutar da ta wuce kima tana gajarta ran ƙwai, ƙarin kashi 5 cikin 100 kan iya raba kwanansa biyu. Wanda ƙwansa ke yawan mutuwa ya auna altaneta kafin ya zargi mai shago.

Na uku shi ne saiti, kuma shi ya fi ba ni takaici don gyaransa kusan kyauta ne. Motar ta taɓa bugun gaba. Kunnen fitilar hagu ya karye an ɗaure da waya, tana kallon sama, daidai fuskar direban da ke tahowa. Ta dama kuwa ta duƙa tana kallon ƙasa. A fitilun ƙirar Turai akan rubuta 1.0% ko 1.2% a jikinsu, ma'ana haske ya sauka santimita 10 ko 12 a kowace mita 10. Fitilar da tsayinta santimita 65 ne, in ta sauka da kashi 1, haskenta yana taɓa ƙasa a mita 65. In ta duƙa zuwa kashi 2, ya tsaya a mita 32 da rabi. Juyi kaɗan na sukuru ya raba nisan ganinka biyu. Muka gyara kunnen, muka saita duka biyun a bango.

Sai na tambaye shi abin da yake ɗorawa a but in zai dawo. Ya ce buhun wake biyu, wani lokaci da mutum uku a baya. Muka sa yaran gareji suka zauna a baya da kan but, muna kallon bango, hasken ya ɗaga sama da alamar a gaban idonsa. Motocin Turai suna da ɗan maɓalli kusa da sitiyari mai 0, 1, 2, 3 don sauke fitila in an yi lodi, kuma da yawa daga masu su ba su san aikinsa ba. Wannan ta Amurka ba ta da shi. Don haka muka saita tata ƙasa kaɗan, muka bar wa lodi wuri.

Gardamar farin haske

Da aka gama, bango ya nuna iyaka mai kyau, haske ya taru a tsakiya. Na ce a sa 9006 na halojin mai wat 55 na sanannen kamfani irin Osram ko Philips, guda biyu tare don kada ɗaya ya fi ɗaya, a kuma kula da jabu don sun cika kasuwa. Na gargaɗi yarona kada ya taɓa gilashin ƙwan da yatsa, saboda maiƙon hannu yana tara zafi a wuri ɗaya ya kashe shi da wuri. Alhaji bai gamsu nan take ba.

"To Injiniya, kowa ya sa fari yana kashe mini ido, ni kaɗai zan zauna da ja?"

Tambaya ce ta gaskiya, kuma ita ce ta mayar da hanyoyinmu yadda suke da dare: wannan ya haska wancan, wancan ya je ya sayo wanda ya fi, har da dogayen fitilun da ake ɗaurawa a kan bamba. Na ce masa, "Alhaji, wanda ka kashe wa ido ba tsayawa yake yi ba. Tahowa yake yi wajenka da gudu, bai ganin komai." In kowannenku yana kan 80, tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da mita 44 a daƙiƙa, kuma ido ba ya dawowa daidai nan take bayan an haske shi. A cikin wannan duhun akwai mai keke, akwai yarinya mai talla a bakin titi, akwai Bafulatani da garkensa. Tsarin tuƙi ya ce a rage wuta in an yi gaba da gaba, amma wanda dim ɗinsa ma kashe ido yake yi ba shi da abin da zai rage. Ni a wajena wannan haƙƙin mutane ne, kuma mai haɗa fitilar yana da nasa kason a ciki. Shi ya sa akwai aikin da ba na karɓa ko da kuɗinsa.

Ba LED nake ƙi ba. Motar da ta fito da shi daga kamfani fitilarta tana da kyau ƙwarai, don an ƙera madubi da ƙwai da hanyar fitar zafi tare. Damuwata ita ce cusa shi a gidan da ba nasa ba. Ƙasashen da ke binciken abin ma haka suka gani. A Birtaniya, daga Janairun 2021, motar da aka sa wa LED ko zinon, wato ƙwan da ke haske da iskar gas maimakon zare, a fitilar halojin tana faɗuwa a gwajin lafiyar mota na shekara. Jamus ta amince da wani ƙwan LED na H7 na kamfanin Osram a 2020, amma ga jerin motocin da aka gwada fitilunsu ɗaya bayan ɗaya kawai. Zinon mai wat 35 yana ba da kusan lumen 3,200, kuma a Turai dim ɗin da ya wuce lumen 2,000 sai an haɗa shi da na'urar da ke saita shi da kanta da mai wanke fitila. Mu kuwa akan sa shi a tsohuwar fitila mai madubi a fita titi.

Wanda fitilarsa irin mai ƙwayar gilashi ce, wadda ake kira furojekta, yana da dama fiye da Alhaji, don a cikinta akwai ƙarfen da ke yanke saman haske. Ko shi ma sai ya tabbatar da lambar ƙwansa daga jikin tsohon ko littafin mota, ya nemi mai siririn allo da ƙwayoyinsa suka zauna a gurbin zare, ya ga murfin baya zai rufu, sannan ya kai ta bango kafin ya biya. Wasu motocin, musamman na Jamus, kwamfutarsu tana ɗaukar ƙarancin jan wutar LED a matsayin ƙwai ya mutu, sai ta kunna alama ko fitila ta riƙa ƙyaftawa. Manyan lambobin lumen da ake bugawa a kwali ba abin dogaro ba ne. Launi ma a kula: halojin yana wajen kelbin 3,200, zinon na kamfani wajen 4,300, na kasuwa kuwa yawanci 6,000 ko fiye, mai shuɗi-shuɗi. Yawan kelbin launi ne, ba ƙarfi ba. In hazo ya sauka a Disamba da Janairu, farin mai shuɗi ya fi damun ido in ya bugi ƙura ya dawo.

Muka fita gwaji ta hanyar Bauchi, bayan Tumfure, shi yana tuƙi. Ya fara hango gefen titi da mutane tun daga nesa, kuma motocin da muka yi gaba da su ba wadda ta watsa mana ful. Ya ce a bar halojin ɗin.

Abin da ya rage

Abu biyu ba su warware a gareji ba. Ya ce har yanzu fitilun masu tahowa suna tarwatsewa a idonsa. Wani ɓangare laifin gilashin gaba ne, ya karce saboda share ƙura da busasshen tsumma da kunna waifa babu ruwa. Muka wanke shi ciki da waje muka canza robar waifa, abin ya ragu amma bai tafi ba. Na ce masa a shekarunsa ya kamata likitan ido ya duba shi, don yanar ido a farkonta takan fara ne da irin wannan, kuma wannan ya wuce aikin mai wayarin.

Na biyu, kwanon fitilar dama ya ɗan ƙone a saman ƙwan tun zamanin wat 100, sheƙinsa ya dushe, kuma ba a goge shi, in an taɓa ma ƙara lalacewa yake yi. Nan gaba sai an canza fitilar. Na ce in zai sayi ta Beljiyam ya zo mu je tare, ko ya duba jikinta da kyau. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilun 1972, amma har yanzu ana shigo da fitilun motocin Ingila da Japan, inda ake tuƙi a hagu, kuma haskensu yana ɗagawa ne ta hagu, wato cikin idon mai tahowa a hanyarmu. A fitila mai tambarin E na Turai, kibiya ɗaya mai nuna dama in kana fuskantar fitilar alama ce ta ƙasashen hagu, a bar ta. Wadda ba ta da kibiya, ko mai kibiya mai kai biyu, ita ce ta dace da mu. Tasa tunda ta Amurka ce, ya nemi mai rubutun DOT, alamar ma'aikatar sufuri ta Amurka, ya leƙa kwanon da tocila ya ga bai ƙone ba, kuma kunnuwanta duka suna nan ba a liƙe su da gam ba.